Tsakuwar da Aka Ciro wa Baba ta Baki

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Binta daga Yakasai, kuma wallahi raina a ɓace yake.

Kwanakin baya idon mahaifinmu ya yi ruwan ɗorawa, ga zazzaɓi da rawar ɗari. Ƙanensa, Baffa Sule, ya ce shawara ce, ya dinga ɗura masa jiƙo har Baba ya daina gane mu. Da ƙyar muka kai shi asibiti. Likita ya ce tsakuwa ce ta toshe hanyar matsarmama har wurin ya ruɓe, amma ba sai an yanka shi ba, za a zura siririyar roba mai kyamara ta baki a ciro ta.

Baffa ya tare ƙofa yana cewa, "Yayana ba abin gwaji ba ne!" Sai da Hajiyarmu ta ce, "Sule, mijina ne, matsa."

Aka ciro tsakuwar, zazzaɓi ya sauka, yanzu Baba har ya koma rumfarsa a Ƙofar Wambai.

To Malam, ka san me? Baffa yana bin majalisa yana cewa jiƙonsa ne ya yi aikin. In an tanka masa, ya ce mulkin soja ya wuce, ba mai rufe masa baki. Ga maƙwabcinmu Malam Inuwa shi ma idonsa ya sauya, jiya na ga an shiga masa da jarkar jiƙon.

Masu sauraro, yaya zan yi da baffana ba tare da rashin kunya ba? Malam Inuwa, na san rediyonka a kunne take. Don Allah ka tafi asibiti yau.