Daga Dama Ake Farawa

A layin adaidaita sahu na Ƙofar Mazugal, Ikram ta ɗora kwamfuta a cinya tana ta tsaki. Wani dattijo mai tawada a yatsu ya leƙo.

"'Yata, wa ya mutu a ciki?"

"Shafin intanet na shagon yayata ne, Baba. Na sabunta manhajar da ke haɗa fayilolinsa, na sake jera ƙa'idoji, duk launi ya gudu. Da azahar masu saye za su duba. Kwana uku ina fama, kuma ba zan roƙi kowa ba."

Ya nuna wani layi a fuskar kwamfutar. "Waɗannan sunaye biyu fa?"

"Ma'aikatan manhajar ne. Ɗaya ya karanta launi, sannan ɗayan ya shafa."

"To ai mai shafawa kika sa farko."

"Baba, digiri gare ni fa. Ga mai karantawa nan farko, a hagu."

"Hagu? Shekara arba'in ina rubuta Alƙur'ani, ban taɓa farawa daga hagu ba."

Don dai ya ƙyale ta, ta juya sunayen. Nan take launi ya dawo tas.

Ta ɗago ta dube shi. "Baba, kai injiniya ne?"

"Ina! Injin naki ne ya yi makarantar allo."