Kan Ragon da Muka Ba Mai Awon Haraji

Shugaban wannan zama, dattawanmu masu farin gemu, iyayenmu mata da ke can baya kusa da murhu, ma'aikatan haraji da suka sha hanya daga birni, da maƙwabtanmu na bakin tafkin Isik-Kul, ina gaishe ku. Na gode da kuka bar surukar gida ta ajiye butar shayi ta yi magana. Ni ce Gulzat, matar Talant. Sunan surukina ba ya fita daga bakina, kun san al'ada, amma kun san gidansa mai itatuwan tuffa.

Ina karanta littattafan soyayya, ban taɓa ɓoyewa ba. A cikinsu, duk baƙon da ya sauka gidan bakin ruwa da littafi a hannu, waƙa ya zo rubutawa. Bara wani Esenbek ya sauka gidanmu da littafi, na ce ga mawaƙi. Baba, surukin nawa, ya yanka rago, ya zaunar da shi wurin girma, ya miƙa masa kan ragon, rabon babban baƙo.

Baƙo ya ce, "Baba, wannan gida ai fada ce! Ɗaki nawa?"

"Shida! Da na kaji, bakwai. Rubuta, ɗana, rubuta!"

"Ana hango ruwa?"

"Daga ko'ina! Har daga banɗaki."

Inna, uwar mijina, ta taka wa Baba ƙafa, ya ce, "Ke tsohuwa, bar ni, yaro na son tarihi."

Tarihin ya iso cikin ambulan: harajinmu ya ninka huɗu. Ashe mawaƙin mai awon haraji ne.

To ga kokena. Na farko, an rubuta gidanmu masaukin masu yawon buɗe ido, saboda mawaƙin ya ƙirga barguna ashirin jere a bango. Kayan aurena ne, jama'a! Uwata ta shekara uku tana ɗinka su, ba ta san otal take buɗewa ba.

Na biyu, an ce ganin tafki yana da kuɗi. Ba mu muka haƙa shi ba. Kakan mijina ya yi gini a nan ne don babu mai son filin, iska ta yi yawa.

Na uku shi ke hana ni barci. Duk Juma'a Kubat mai otal yana zuwa gaishe da Baba, yana auna tsakar gidanmu da taku. Talant ya ce in ba a rage ba kafin kaka, za mu sayar, shi ya tafi Rasha leburanci, tsofaffi su koma birni, bene hawa na biyar. Ina ɗauke da ciki wata biyar, kuma a gidan nan nake so in haihu.

Roƙona biyu ne. Ku sake awo a watan Janairu, ku kwana uku a ɗakinmu mai kallon ruwa, sannan ku yanka mana kuɗin kallon. Wanda ke kwana a gidansa da hunturu, a bar shi a tsohon haraji.

Allah ya bar kowa a gidan ubansa. Allah ya ba ma'aikata lafiyar zuwa a Janairu, ya mai da kowa gida lafiya, har Kubat, gidansa shi.

Na gode.