Hotunan Marigayi Mijina a Kwamfuta

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Hajara, ina koyarwa a wata firamare a Birnin Gwari.

Mijina ya rasu bara, ya bar mana kwamfuta cike da hotunansa. Makon jiya na saka mata filas ɗin makaranta, wato ɗan abin ajiye fayil, sai hotunan suka ƙi buɗuwa. Mai gyara ya ce, "Malama, bairos ne. Ba ki sa manhajar kariya ba?" Wallahi ban ma san da ita ba. Rabi kawai ya iya cetowa. 'Yata ta nemi hotonta da Babanta na Sallah, ga shi yana cikin waɗanda suka ɓata.

Don Allah masana, wacce zan saka, ta kyauta ko ta kuɗi? Ragowar hotunan nan su kaɗai suka rage mana.