Mundayen Kaka Delu

Akuyata mai ciki da rabin buhun gyaɗa, su ne kuɗin motar da suka kai ni Ikko. Ku matso da faifan nan, ku ci gaba da ɓare gyaɗarku kuna ji. Ke Rabi, tunda ke ce kike yawo da zancen cewa Goggo Tabawa ta je ci-rani ta dawo hannu rabbana, yau za ki ji abin da na dawo da shi.

Shekarar da mijina ya rasu ne damina ta kayar mini da bangon ɗaki. Ga yara biyu, ga ba namiji a gidan. Da aka gama girbi sai yayana Isuhu, wanda ke gadi a Ikko, ya aiko cewa wani mutumin Arewa mai shagon tsofaffin kayan gargajiya yana neman mace mai shara da girki. Na ce ko a bakin teku ne zan je. Ranar tafiya Inna ta ja ni ƙuryar ɗaki ta kwance wani tsumma. Mundayen ƙafa ne guda biyu na azurfa, masu nauyi, na mahaifiyarta Kaka Delu. Kakanmu ya sayar da gyaɗar shekara guda ya kai wa maƙeri a Bici ya ƙera mata su na aure. Inna ta wuni tana goge su da toka da lemon tsami, har kana ganin fuskarka a jiki.

Ta ce, "Idan wahala ta kai miki wuya, ki sayar. Idan ba ta kai ba, ki dawo mini da su yadda na ba ki."

Daga Makoda na hau mota zuwa Kano, daga Kano na shiga doguwar nan mai kwana a hanya. Mai shagon sunansa Sale, amma can Mista Sali ake ce masa, mu kuma ma'aikata mu ce Oga. Shagon ma ba a ce masa shago, wai galari. Na shiga na ga tasoshin tagulla, da kumbuna, da butocin ƙarfe, da awarwaro, da murjani, irin kayan jeren da iyayenmu suka gaji da su suka ba masu gwangwan aka musanya musu da roba. Ga su nan cikin gilashi, an kunna musu fitila. Sunansu antik. Kuma duk baƙi ƙirin, wani har da koren tsatsa. Na ce a raina, wannan bawan Allah dai ba shi da mace a gida.

Ɗakin da Oga ya kama mini a Agege yake, gidan wata mata da kowa ke ce wa Landiledi, wato mai gidan haya. Har ruwan alwala sai ta leƙa ta ga yawansa.

"Bokiti ɗaya, Malama."

"Salla biyar nake yi, Mama."

"To ki yi ta biyar da bokiti ɗaya."

Kullum haka muke, ni ban fasa ɗiba ba, ita ba ta fasa magana ba.

To, ban daɗe da fara aiki ba Oga ya tafi Kwatano saro kaya, ya bar ni da shara. Na share ƙasa, na goge gilashi, na tsaya ina kallon tasoshin nan, zuciyata ta ƙi. Ku kun san a garin nan idan aka shiga ɗakin mace aka ga jerenta ya dushe, kafin la'asar an kai zancenta bakin rijiya. Na roƙi toka wurin mai gasa masara, na sayi lemon tsami, na zauna na ɗaura zane. Kafin Oga ya dawo, kayan da ke kan kanta guda suna walƙiya.

Ya shigo, jakarsa ta faɗi.

"Tabawa, me kika yi?"

"Wanki, Oga."

"Kin san shekara nawa kika wanke? Ina fatinar?"

"Wace Fatima?"

"Fatina. Baƙin nan na jiki. Shi ake saye, ba tasar ba."

Na ce, "Oga, a garinmu dauɗa sunanta."

Har gobe ban ce na yi laifi ba. Amma ranar na gane sana'ar. Mai kuɗi ba ya son abu sai ya ga kamar daga rami aka tono shi. Wasu kayan ma jiya aka ƙera su, a shafa musu man takalmi, a rataya a hayaƙi, gobe sun girmi kakan kowa. Azurfa kuwa, dafaffen ƙwai ake farfasawa a ɗaure su tare cikin leda, ta kwana ta yi baƙi. Ni nake dafa ƙwan, ina toshe hanci.

Oga ya so ya kore ni. Isuhu, don ya cece ni, ya je ya faɗa masa ina da tsofaffin mundaye na gida. Bakin Isuhu dama bai taɓa riƙe komai ba. Oga ya kira ni da fara'a.

"Kawo su su cike gurbin da kika ɓata. Ado kawai za su yi a gilashi, ba sayarwa zan yi ba."

Na tuna bangon ɗakina, na tuna yarana, na kawo. Washegari na tarar da su cikin gilashi sun yi baƙi, suna warin ƙwai. Na ji kamar an mari Inna a gabana. Na haɗiye, na ɗauki tsintsiyata.

Ana nan wata Baturiya ta zo, doguwa, da gilashin ido a ka. Ta tsaya kan mundayen. Oga ya fito da su ya fara zuba Turanci. Ni Turancina bai wuce na cefane ba, amma ina da ido. Na ga ya haɗa ƙafafunsa, ya sunkuyar da kai, yana jan ƙafa kamar wanda aka ɗaure, yana cewa silef, silef. Wannan kalma na san ta, Landiledi na yawan cewa ita ba silef ɗin kowa ba ce. Wato yana gaya wa matar nan mari ne, irin wanda ake sa wa bayi. Baturiyar ta dafe ƙirji tana girgiza kai, ta fara buɗe jaka.

Ni ba na zagin wanda aka ɗaure kakarsa, wannan zalunci ne aka yi musu. Amma Kaka Delu da waɗannan mundaye aka kai ta ɗakin miji ana guɗa. Ba za a sayar da ita da ƙarya ina riƙe da tsintsiya ba. Na jingine tsintsiyar, na zare su daga hannun Oga, na zauna a ƙasa na sa a ƙafata. Na miƙe na taka daga wannan bango zuwa wancan, irin takun amare, kaina a sama.

Na ce, "No silef. Mai giranmama. Wedin." Wato ba na bayi ba ne, na kakata ne, na aure.

Oga ya ce da Hausa, yana murmushi don kada ta gane, "Tabawa, za ki kwana a titi."

Na ce, "Ba a kanka aka fara titi ba."

Abin mamaki, matar nan sai ta ƙara son su. Ta yi ta magana, ta fito da kuɗi, ta ƙara. Ban ƙirga ba, amma na san sun isa su gina bango har da rufin kwano. Oga ya matso yana raɗa, "Karɓi mu raba, kada ki yi hauka." Ba zan ɓoye muku ba, raina ya biya. Inna ai ta ba ni izini. Na ce wa Oga ya gaya mata na yarda, amma da sharaɗi: ta ba ni zuwa la'asar in wanke su tukuna. Ya faɗa mata. Ta ɗaga hannu biyu tana no, no, no. A haka take so, da baƙinsu.

To nan ciniki ya mutu. Da a wanke za su tafi, da na sayar na yi kukana na share hawaye. Amma a ɗauke su da dauɗa da warin ƙwai a tsallaka teku, a ajiye a falo, duk wanda ya shigo a nuna masa a ce haka matan ƙasarmu suke riƙe kayansu? Na shafa wuyana, na ji wahalar ba ta kai nan ba. Na fita da su a ƙafata.

Kafin in isa Agege Oga ya buga wa Landiledi waya, na tarar da ƙullin kayana a bakin ƙofa. Landiledi tana tsaye.

"Bokitina fa?"

"Ga shi can, Mama. Yau ki sha ruwanki ke kaɗai."

Isuhu ya yi ta faɗa, wai na zubar masa da mutunci. Ya dai samar mini wuri a motar shanu da za ta koma Arewa ba kaya. Da muka iso Kano ban wuce gida ba. Na sayi lemon tsami, na roƙi toka wurin mai ƙosai, na zauna a tasha ina gurza mundaye, 'yan kamasho suna kallona kamar mahaukaciya. Sai da suka yi fari na hau motar Makoda.

Inna ba ta tambaye ni kuɗi ba. Ta kwance tsumman, ta kai su bakin ƙofa wurin haske, ta juya, ta sake juyawa. Ta ce, "Nan gefen bai fita ba." Ta ɗebo tokarta ta zauna. A nan ne na yi kukan da ban yi a Ikko ba.

Damina biyu na yi da zana a madadin bango, ruwa na shigo mana, mutane na dariya. Na yi ƙuli-ƙuli, na yi dillancin kayan ɗaki, har na tayar da bangon nan da kuke jingine da shi. Yanzu ma masu neman tsofaffin kaya suna zuwa a kan babur, gida gida, suna cewa kada a wanke. Duk wanda ya yi sallama a ƙofata, ruwa kawai yake sha ya wuce.

Mundayen suna cikin akwatina. Bayan Salla za a kai ki ɗaki, Rabi, kuma da su za ki taka. Amma ba zan sa su a ƙafar yarinyar da ba ta iya gurza ba. Ajiye gyaɗar nan, tashi ki ɗebo toka.