Kafen masu yankan shinkafa

Assalamu alaikum Malama, sannu da aiki. Ni manomin shinkafa ne daga Tunuga, a sakaya sunana.

A wajenmu, in ka ɗauki 'yan ƙwadago, sai ka jiƙa musu ƙwayar tramol cikin kafe, wato kofi, don kada su gaji. Kowa na yi, ni ma na yi. Bara wani magidanci cikin 'yan ƙwadagona, Iliya, ya sha, ya yanke jiki ya faɗi cikin ruwan fadama. Da ƙyar muka ciro shi.

Ina jiran jandarma su zo kama ni, sai ga mata biyu 'yan wata ƙungiyar yaƙi da shan ƙwaya daga garin Gaya. Su suka kai shi likita. Babbar ta ce mini, "Baba, ba kama ka muka zo yi ba. Amma wanda ya zo gonarka da ƙafafunsa, ya koma gida da ƙafafunsa." Kunya ta rufe ni, na daina.

Gwamnati ta hana ƙwaya, amma 'yan ƙungiyar nan ne masu shigowa har gona. A tallafa musu.

Bana shinkafa ta nuna, ma'aikata sun ce ba kafe, ba yanka. Iliya kaɗai ya zo da laujensa. Jama'a, yaya zan yi?