Kalma Biyu a Tashar Bari

A tashar jirgin ƙasa ta Bari, a ƙasar Italiya, tsohuwa Nunziata tana ta fama da kalmomin Turanci a wayarta. Ta taɓo dattijon da ke gefenta.

"Bawan Allah, kana jin Turanci? Mene ne bambancin picture da imagine?"

"Na yi zaman Landan. Na farko hoto ne, ido ke ganinsa. Na biyu a zuci ake zana shi. Jarrabawa za ki zauna da furfurarki?"

"Jikata aka haifa a can, ba ta jin Italiyanci. In suka kira ni a bidiyo, sai kallon juna."

"To, ke da kike ganinta, riƙe na farkon." Ya mai da ido kan jaridarsa. "Na biyun ki bar mana, mu da ba a kiranmu."