Kiɗan Turawan Suwidin Ya Ɓata Mini Gayya

Assalamu alaikum, mai gabatarwa, barka da aiki. Sale ne daga Kiru.

Na kira gayya a gonata ta dawa, na aiki ƙanena Habu ya kirawo masu gangar noma. Sai ga shi da rikoda, wai rege na wasu Turawan Suwidin ya fi ganga. Kiɗan kuwa tafiyar hawainiya yake yi. Samari suka dogara da fartanya suna gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Da na yi faɗa, Habu ya ce, "Yaya, waƙar 'yanta baƙar fata ce fa." To, wa zai 'yanta dawata? Rana ta faɗi, an cinye tuwo, rabin gona na cikin ciyawa.

Jama'a, ku ba ni shawara: kaset ɗin zan fasa, ko kan Habu?